Tambaya da Amsa: Garin magani da ke zama danƙo wajen awo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon haɗa magunguna a Yamai. Mun tace ruwan wani ganye, muka busar da shi har ya zama gari, amma tun da damina ta kankama, da zarar na buɗe kwalbar sai garin ya dunƙule, ya manne wa cokali, lambar sikeli kuma ta yi ta hawa. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴata. Garinki dangin ƙaro ne da alewa, wato abubuwan da ƙwayoyinsu ba su jeru cikin tsari ba kamar yadda na gishiri suka jeru. Kowane irin wannan abu yana da mizanin zafin da idan ya kai shi, sai ya bar tauri ya yi laushi, ruwa kuwa yana saukar da wannan mizani ƙwarai. Sukarin madara marar tsari, alal misali, yana riƙe taurinsa har wajen digiri 100 idan ya bushe sarai, amma idan ya sha laimar iska, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya mayar da shi danƙo. A Yamai, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, Agusta kuma ya zo da laima, dole a kula da wannan.

Hawan lambar sikeli ya fi damuna, domin ruwan iska ne garin yake sha, ke kuma kina lissafa shi a matsayin magani, sai majiyyaci ya sami ƙasa da abin da aka rubuta masa.

Kada ki zuba shi a takarda wajen awo. Ki auna kwalbar a rufe, ki ɗebi garin da hanzari zuwa mazubin da za ki narkar da shi, ki rufe, ki sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne abin da ya fita. Abin da ya maƙale a cokali ki ɗauraye shi cikin mazubin da ruwan narkarwa, tun da ya riga ya shiga lissafi. Yawan ruwan da ke cikin garin kuma a gano shi da gwajin Karl Fischer, wato gwajin sinadarai da ke auna ruwan da ke cikin abu, a gyara lissafin.

Ki ajiye kwalbar cikin rufaffen mazubi tare da ƙwayoyin silika masu tsotse laima. Idan daga firji kika fito da ita, kada ki buɗe sai sanyinta ya sake, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan garin.