Amsa ga mai tambaya kan jan garin ganyen alkama da fumfunar masara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce alkamarka ta fara jan gari a ganye wanda ke ɓata hannu da riga, ka kuma ga wasu zangarnu sun zama baƙin gari maimakon ƙwaya, sannan masarar da ka ajiye bara ta yi fumfuna kore-kore a buhu. Kana so a faɗa maka magani ɗaya da za ka saya ya gama da su duka. Allah Ya ba ka haƙuri, amma babu irin wannan maganin, kuma duk mai shagon da ya ce maka akwai, kuɗinka yake so. Cututtuka uku ne daban, kowacce da ƙofar da take shigowa da lokacin da ake tare ta. Na daɗe ina noman rani a fadamar Kadawa, ina kuma yin masara da damina, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Jan garin nan tsatsa ce. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki farin ƙyalle ka goga ganyen. In ƙyallen ya ɗauki ja ko ruwan ƙasa, ita ce. In ganyen ya yi ɗorawa kawai daga ƙasa, ƙyalle bai ɗauki komai ba, to yunwar taki ce ko ruwa ya kwanta a fangali, kuma feshi ba zai yi maka komai ba. Na ga mutane da yawa sun zuba kuɗin yuriya a kwalbar feshi saboda ba su yi wannan gwajin ba.

Tsatsa ba ta bin iri, iska ce ke kawo ta. Tana son raɓa ta kwana a kan ganye, tana son alkamar da aka cunkushe kuma aka cika wa yuriya har ganyenta ya yi laushi. Bushewar hunturu tana taimakonmu ƙwarai, shi ya sa ba mu cika ganin irin ɓarnar da take yi a ƙasashen tsaunuka ba. A Habasha, a shekarar 2013, tsatsar kara ta faɗa wa wani iri da manoma suka dogara da shi mai suna Digalu, wasu gonakin ba a kwashi komai ba. Akwai kuma nau'in da ake kira Ug99, wanda aka fara gani a Yuganda a 1998, ya bi ta Kenya da Habasha har ya haye Yaman da Iran. Ina kawo wannan ne don ka san cewa irin da ke jure tsatsa yau yana iya gazawa gobe in cutar ta sauya. Saboda haka kada a riƙe iri ɗaya shekara da shekaru ana maimaitawa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ce ke da alhakin fitar da irin alkama a Najeriya, kuma malaman gona na hukumomin raya aikin gona na jiha, wato KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, za su nuna maka wanda ake yayi yanzu.

Ko za ka yi feshi ko ba za ka yi ba, ya danganta da inda alkamar ta kai. Dubi ganyen ƙarshe na sama, wanda ke ƙarƙashin zangarniya. Shi ne ke ciyar da ƙwaya. In tsatsar tana ganyen ƙasa tana haurowa, alkama kuma tana fid da kai ko tana fure, yi feshi yanzu, kada ka jira kasuwa ta gaba. Nemi maganin da ke shiga cikin jikin shuka, wanda za ka ga an rubuta Propiconazole ko Tebuconazole a jikin kwalbar. Mancozeb da aka fi sayarwa a ko'ina yana zama ne a bayan ganye, yana kare wanda bai kamu ba, amma ba ya kashe cutar da ta riga ta shiga. In kuwa ƙwaya ta yi tauri har ka danna ta da farce ba ta fitar da nono ba, bar kuɗinka, feshi a lokacin ihu ne bayan hari. Ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka fesa da safe bayan raɓa ta ɗauke, lokacin da ba iska, ka rufe hanci da baki, kuma don Allah kada a wanke famfon feshi a magudanar da mutane da dabbobi ke sha.

Abin da na fi gani shi ne, wanda ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba kasafai yake wannan kukan ba. Wanda ya kai Janairu shi ne zafin Maris da tsatsa ke haɗuwa a kansa. Na san sau da yawa ba laifin manomi ba ne, shinkafar damina ce ba ta tashi da wuri ba, ko ba a saki ruwa a kan lokaci ba. Duk da haka, ranar shuka ta fi kowace kwalba tasiri.

Baƙin garin zangarniya kuwa burtuntuna ce, 'yar'uwar wadda muka sani a dawa. Wannan tana cikin irin da ka shuka. Ta shiga ƙwayar tun bara lokacin fure, ta kwanta a ciki, ƙwayar kuma lafiya lau a ido. Feshin ganye ba ya taɓa ta. Abin da za ka yi bana shi ne ka bi gonar da leda, ka zura zangarniyar a ciki kafin ka yanke don kada garin ya tashi, ka fitar ka ƙone. Kuma kada ka ajiye iri daga wannan gonar, kada ka ba maƙwabci. In dole ne sai ka yi amfani da naka, a cuɗa shi da maganin iri mai shiga cikin ƙwaya, irin mai Tebuconazole ko Carboxin, domin wanda ke tsayawa a bayan ƙwaya ba ya kai wa gare ta. Ragowar irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba kaji, ba a kai niƙa.

Yanzu masara, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, domin tsatsa buhu take rage maka, wannan kuwa lafiyar iyalinka take taɓawa. Fumfunar nan kore mai ɗorawa-ɗorawa tana fitar da dafin da ake kira afalatoksin. Dafin ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ko an surfa an niƙa an tuƙa tuwo yana nan. Yana cin hanta a hankali har ya kai ga ciwon daji, yana hana yara girma, yana bi ta nonon saniya in ta ci. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu daga cin masara irin wannan. Don haka masarar bara da ka ce ta yi kore, kada a ci, kada a ba kaji ko shanu, kada kuma a gauraya ta da mai kyau a kai kasuwa, domin 'ya'yan wani ne za su sha ta a koko. Na san asara ce mai zafi. A binne ta ko a ƙone.

Mutane na ɗauka a buhu take farawa, alhali tun a gona ne. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa. Tana samun hanya in fari ya kama masara lokacin da take goyo, ko tsutsa ta huda goyon. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo mana a 2016, ruɓar goyo ta ƙaru a gonakin da na sani, saboda duk ramin da ta yi ƙofa ce. Sai kuma mu ƙarasa aikin da hannunmu: a karya masara a tara ta tuli a ƙasa, ruwan ƙarshen damina ya same ta, a ɓare ta da danshi a ɗura a buhu saboda ana sauri.

Akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi, ɗauke da irin fumfunar da ba ta fitar da dafi, sai ta mamaye gonar ta hana mai dafin wuri. Kilo 10 ake watsawa a hekta, da hannu, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, ƙasa na da danshi. Ka gama noma da huɗa kafin ka watsa, domin in aka binne ta ba za ta yi aiki ba. Tana rage dafin ƙwarai, amma ba ta ɗauke maka shanya ba. Ka cire masara da ta nuna, ka ware goyon da ya ruɓe ko tsutsa ta ci tun a gona, ka shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan ƙasa ba. Ana so danshi ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. In ba ka da na'urar awo, zuba ƙwayar a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana. Buhunan kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango. Buhun PICS mai leda biyu yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma masara busasshiya kawai ake sa masa.

Ba ka ambaci ganyen masara ba, amma in kana ganin dogayen tabo masu launin toka, masu tsini a baki biyu, suna farawa daga ƙasa, wannan cutar a karan bara take kwana. Kwashe karan, ka huta da masara a wurin shekara guda ka sa waken suya ko wake, ka nemi irin masara na SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. Feshi a kanta ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba sai in ta kai ganyen goyo kafin fure.

Ka turo mana hoton ganyen sama na alkamar, gaba da baya, da ranar da ka shuka da sunan irin, in faɗa maka ko feshin zai biya ka bana. Allah Ya sa albarka a gonar.