Barry Bonds ya cancanci karramawa kuwa?

Tambaya: Malam, dan Allah me ya sa har yau ba a saka Barry Bonds a zauren gwarazan besbol na Amurka ba, alhali a babbar gasar Amurka babu wanda ya kai shi buga ƙwallo ta fita wajen fili (home run), har sau 762?

Amsa: Ɗan'uwa, zargin ƙwayoyin ƙara kuzari ne ya ja masa. A zaɓen 'yan jarida, sai mutum ya samu kashi 75 na ƙuri'u kafin ya shiga zauren da ke garin Cooperstown, shi kuwa a 2022 kashi 66 ya samu. Ni dai gaskiya ina tare da waɗanda suka ƙi zaɓensa, don akwai yaran da suka ƙi taɓa allura suka rasa gurbi a kulob, su wa ya tuna da su? Abin takaicin ma tun 1993 ya riga ya ci gwarzon shekara sau uku, bai buƙaci komai ba wallahi.