Tambaya da Amsa: Ungozoma da Asibiti a Ƙauyukan Maya na Guatemala

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ji cewa yawancin matan Maya, wato ƙabilun asali na ƙasar Guatemala da ke Amurka ta Tsakiya, a ƙauyukansu suna gudun haihuwa a asibiti, ko da naƙuda ta zo da gardama. Me ke jawo haka, kuma yaya ake shawo kansa?

Amsa: Malama, harshe ne kan gaba. Ƙidayar 2018 ta nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanen ƙasar 'yan Maya ne, kuma harsunansu 22, manyan ciki su ne K'iche', Q'eqchi', Mam da Kaqchikel. Asibitocin gwamnati kuwa galibi da Sifaniyanci suke aiki, duk da dokar harsunan ƙasa ta 2003 ta ce a yi wa mutane hidima da harshensu. Matar da ba ta gane abin da likita ke faɗa ba, in an ce ta sa hannu a takardar tiyata, tsoro ne zai kama ta.

Sai yadda ake karɓarta. A gida ungozoma ce ke kanta, mai naƙudar tana durƙushe ko a tsugune, danginta na kusa. A asibiti a kwantar da ita rigingine, a tsayar da ungozoma a bakin ƙofa, a jefar da mabiyya, alhali iyalai da yawa binne ta suke yi ko su ƙone ta. A ganinsu jikin mai jego ya rasa ɗumi, don haka ruwan sanyi cutarwa ne gare ta.

Gyaran bai da tsada. A samar da tafinta babba, mace, kada a ɗora wa yaron gida wannan aiki. A bar ungozoma ta shiga ɗakin haihuwa. A bar mai naƙuda ta zaɓi yadda za ta haihu in babu haɗari, a ba ta abin sha mai ɗumi, a ƙulle mabiyya a leda a miƙa wa dangi. Tun cikin yana wata bakwai a zauna da miji da surukarta, domin su ke yanke shawarar tafiya: wace mota, lambar wa za a kira, wa zai riƙe yara. Ƙungiyar Wuqu' Kawoq, wadda aka kafa a 2007, tana horar da matan Maya masu jin harsunan biyu su raka mai ciki har cikin asibiti, suna fassara suna kare mata haƙƙinta.

Ita ma ungozoma dole ta san inda iyakarta take. Zubar jini, hawan jini da ya kai 140/90, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, zazzaɓi, naƙudar da ta haura awa 12, ko mabiyyar da ba ta fito ba bayan minti 30, duk na asibiti ne nan take. Amma in aka tsawata mata a gaban jama'a don ta kawo mara lafiya a makare, gobe ba za ta kawo kowa ba. Wannan kuskuren yana cin rayuka.

Tambaya: Ɗakin siracen da suke shiga bayan haihuwa fa, bai kamata a hana ba?

Amsa: A'a, Malama, in an hana ɓoyewa za su yi. Tuj, kamar yadda K'iche' ke kiransa, ɗan ƙaramin ɗaki ne da ake hura wutar itace a ciki. Haɗarin yana cikin iskar gubar da garwashi ke fitarwa, wadda ba ta da wari. A bari wuta ta mutu, a kwashe garwashin, a buɗe ƙofa iska ta ratsa kafin a shiga. Kada a daɗe, kada mace ta shiga ita kaɗai, kada a shiga da jariri. Mai zubar jini, hawan jini ko jiri ta dakata sai ma'aikacin lafiya ya duba ta.