Dalilin da sunanka ke ƙin fitowa a rajistar tallafin taki

Malam, ka tambayi abin da ke sa manoman albasa na Goronyo a jihar Sakkwato su yi rajistar tallafin taki amma sunansu ya ƙi fitowa. Galibi saɓanin suna ne: NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ta ce Muhammadu, BVN (lambar tantance mai asusun banki) ta ce Mamman, ko ranar haihuwa ta bambanta. Na'ura sai ta ɗauka mutum biyu ne. Da layin wayar da ka yi rajistar NIN da BVN da shi, danna *346# ka ga NIN, *565*0# ka ga BVN. Kowacce tana da lambobi 11. Gyaran NIN wurin NIMC ne, hukumar katin shaidar ɗan ƙasa, na BVN kuwa bankinka. Kuma don Allah kada ka ba da layin ɗanka da ke ci-rani a Legas, saƙon karɓar takin can zai tafi.