Amsa ga mai neman na'urar karatu: littafin da ka biya kuɗinsa, na wa ne?

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce yayanka da ke Faransa zai aiko maka da na'urar karanta littattafai, ya ce ka zaɓa tsakanin Kindle da Kobo, kuma kana son sanin ko littafin da ka saya a ciki ya zama naka har abada, da kuma ko kamfani yana ganin abin da kake karantawa. Ni malamin makaranta ne a nan Tahoua, na kai shekara tara ina karatu da irin waɗannan na'urori, kuma ta hanyar asara na fara sanin amsar tambayarka ta farko.

Na'urata ta fari ta hannu ce, na saye ta a wata kasuwa a Yamai kan jika ashirin da biyar, abin da ya ja hankalina kuwa shi ne littattafan Faransanci wajen sittin da na tarar a cikinta. Na yi wata huɗu ina karatu lafiya lau. Ranar da na haɗa ta da intanet, ban gama shan shayin da ke gabana ba sai na ga jerin littattafan ya koma fayau. Ashe mai ita na asali ya riga ya cire ta daga asusunsa, na'urar tana jiran hanyar da saƙon zai iso mata ne kawai. Ban zargi kowa ba, domin ni ƙarfe da gilashi na saya, littattafan kuwa ba su taɓa zama nawa ba.

To, ko da kuɗinka ka biya, yawancin shagunan nan izinin karatu suke sayar maka, wato lasisi, littafin kuma yana zuwa da makullin da ake kira DRM, wanda ke ɗaure shi da asusunka. A watan Yulin 2009 Amazon, kamfanin da ke yin Kindle, ya goge littattafan George Orwell guda biyu, har da "1984", daga na'urorin mutanen da suka saya, saboda wanda ya ɗora su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos ya nemi afuwa, amma kowa ya ga cewa hannun kamfani yana kaiwa cikin na'urarsa. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, aka mayar da kuɗi. A Disambar wannan shekarar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba a sake sayar da littafin lantarki kamar yadda ake sayar da na takarda. Daga 26 ga Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire hanyar da mutum ke sauke littafin da ya saya daga shafinsa zuwa kwamfuta don ya tura shi ta igiyar USB.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gado. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, littattafansa na fiƙihu da nahawu mun raba su, wasu muka bayar waƙafi a masallacin unguwa, kuma har yau ana karanta su da rubutun hannunsa a gefen shafuka. Littafi mai makulli ba ya shiga rabon gado, ba a bayar da shi waƙafi, ba ka iya miƙa wa ɗalibinka ka ce ya dawo da shi bayan jarrabawa.

Game da sirri kuwa, na'urar da ke haɗe da intanet tana aika wa kamfani shafin da ka tsaya, da layukan da ka ja wa alama, da bayanan da ka rubuta. Da haka ne idan ka buɗe littafin a wayarka yake kai ka daidai inda ka tsaya, da haka ne kuma Kindle ke nuna maka jimlolin da masu karatu da yawa suka ja wa layi. Kobo ma yana tattara bayanan karatu, kada ka ɗauka shi waliyyi ne. A Oktoban 2014 an gano manhajar karanta littattafai ta Adobe Digital Editions tana aika bayanan abin da mutane ke karantawa a buɗe, ba tare da an kulle saƙon ba, sai daga baya aka gyara. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, muna da hukumar HAPDP mai kula da kare su, sai dai rumbunan da ake ajiye waɗannan bayanai suna ƙasashen waje, don haka kariyar da ta fi kusa da hannunka ita ce ka bar na'urar a yanayin jirgin sama.

Saboda wannan, a ganina ka ce ya aiko maka da Kobo, ko wata irin na'urar mai suna PocketBook idan ya samu. Dukansu suna buɗe EPUB, wato tsarin da aka fi yin littattafan lantarki da shi, kai tsaye: ka haɗa igiya, ka kwafa littafi kamar yadda kake kwafa hoto. Kindle na'ura ce mai ƙarko, shagonta kuma ya fi girma, amma idan kana son EPUB a cikinta sai ka tura shi ta hannun kamfanin, ko ka juya shi zuwa wani tsari a kwamfuta. Ga wanda ke lissafin kuɗin intanet, kuma katin banki na sayayya a waje ba kowa ke da shi ba, wannan ƙarin wahala ce. Ka sani dai littattafai da yawa a shagon Kobo su ma suna da makulli, saboda haka kafin ka biya ka duba bayanin littafin. Shagunan Faransa sukan rubuta ko ba shi da DRM, ko kuma tambarin sunan mai saye kawai aka saka masa, wanda ba ya hana kwafa. Irin waɗannan nake saye, in ajiye su a manhajar Calibre, wadda kyauta ce, in kuma ajiye kwafi na biyu a ma'ajin USB cikin akwati. Tsofaffin littattafan da haƙƙinsu ya ƙare suna nan kyauta a Project Gutenberg, sun haura 70,000, da na Faransanci a ciki.

Idan darussanka na Jami'ar Abdou Moumouni ko littattafan Larabci a PDF suke, musamman waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu, allon inci 6 zai gajiyar da idonka, gara ka roƙi yayanka mai inci 7 ko 8. Idan kuma ka buɗe rubutun Hausa ka ga ƙananan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, littafin bai lalace ba, salon haruffan ne bai san su ba. Ka saka salon haruffa mai suna Charis SIL a na'urar, za su fito daidai. Batir yakan yi makonni, abin da za ka gode wa Allah a kansa lokacin ɗaukewar wuta, amma kada ka bar ta cikin jakar babur a zafin Afrilu, kuma ka ce ya haɗo maka da murfi saboda ƙurar hunturu.