Tambaya da Amsa: Rage Nauyin Karatun da Aka Naɗa Ba Tare da Haruffa Sun Ɓace Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wani zaure da ke cikin Birnin Zariya, kuma ni aka ɗora wa naɗar karatun malaminmu da waya, ina tura wa 'yan'uwa da ke Giwa da Soba da Maƙarfi ta WhatsApp. Karatun awa ɗaya yakan kai megabait 58, su kuma suna kokawa da tsadar data da raunin sabis. Wani ya nuna mini yadda zan mayar da shi MP3 mai kilobit 16, na kuma sauke awon sautin zuwa 8,000. Nauyin ya dawo megabait 7, amma muryar Malam ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya, har ba a bambance sin da fa. Ga azumi na tafe, muna kuma son watsa tafsiri kai tsaye. Ina mafita?

Mai karatu daga Birnin Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima. Lambobi biyu ka taɓa a lokaci guda, kowacce da irin ɓarnar da ta yi, kuma ta farkon, wato 8,000 ɗin nan, ita ce ta cinye maka haruffa.

Idan waya tana naɗar murya, auna motsin iska take yi sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD yana yin awo 44,100 a daƙiƙa. Akwai ƙa'idar da ake danganta wa Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta tabbatar da cewa sauti mafi siranta da za a iya adanawa ba zai wuce rabin yawan awon ba. Saboda haka da ka zaɓi 8,000, duk sautin da girgizarsa ta haura 4,000 a daƙiƙa an yanke shi an zubar. Wasula da karin sautin Hausa suna zaune ne a ƙasa, shi ya sa har yanzu kake gane muryar malaminka da hawa da saukarta. Amma sin da shin da fa, haka nan "ts" ɗinmu na Hausa, kaifinsu a sama yake, kuma kaso mai yawa na abin da ke bambanta su yana can inda ka yanke. Tsohuwar wayar tarho ma iyakarta daga girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa ne, wanda ya ishi gaisuwa da ciniki, domin mai sauraro yana cike giɓi da abin da ya riga ya sani. Ɗalibin da ke Soba, wanda yau ne ya fara jin kalmar Larabcin daga bakin Malam, ba shi da abin da zai cike giɓin da shi, kuma yadda ya ji haka zai haddace. Wannan ne ya sa nake ganin bai dace a sauke karatu ƙasa da awo 16,000 ba, komai tsadar data.

Lamba ta biyu, kilobit, ita ce yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa, kuma ita ce take yanke nauyin fayil. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka kilobit da 0.45, za ka sami megabait na awa ɗaya. Naka na farko kilobit 128 ne, shi ya ba ka kusan 58. Kilobit 32 zai ba ka 14 da ɗoriya, 24 kusan 11, 16 kuwa 7.

Matsalar ita ce MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, yana da kyau idan an wadata shi, amma idan aka takura shi zuwa kilobit 16 sai ya riƙa zubar da sassan sauti barkatai, daga nan ne wannan ƙugin mai kama da motsin ruwa yake fitowa. Akwai tsarin da ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan fage, sunansa Opus, wanda aka tabbatar a 2012 ta hanyar haɗa fasahar SILK ta Skype, da aka gina don muryar ɗan Adam, da wata mai suna CELT. Kyauta ne, yana aiki daga kilobit 6 har 510, kuma shi WhatsApp yake amfani da shi a saƙon murya. Shawarata ita ce ka mayar da karatun layi ɗaya maimakon sitiriyo mai layi biyu na hagu da dama, tunda mutum ɗaya ne yake magana, sannan ka fitar da shi a Opus mai kilobit 24, kada kuma ka taɓa lambar awo, domin shi da kansa yake zaɓar faɗin sautin da ya dace. Tafsirin kwana 30, awa ɗaya kullum, da zai ci kimanin megabait 1,740 sai ya tsaya a wajen 330, haruffa kuma suna nan daram. Manhajar ffmpeg tana yin wannan aiki a kwamfuta ba tare da an biya ko kwabo ba.

Sai dai ka tuna da dattawan da ke saurare ta rediyo mai katin memori ko ƙaramar waya mai madannai, waɗanda ake loda musu karatu a shagunan Sabon Gari da Tudun Wada. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori MP3 suka sani. Su sai ka yi musu nasu daban: layi ɗaya, awo 22,050, kilobit 48, wanda zai kai megabait 22 a awa.

Akwai wani abu da na fi son ka ba muhimmanci fiye da duk waɗannan lambobi, shi ne inda kake ajiye wayar. Manhajar matse sauti ba ta san muryar Malam ta fi ƙarar janareta daraja ba, don haka ɗan abin da ka ware mata sai ta raba shi tsakanin karatu da fanka da amsa-kuwwar bangon zaure da babur ɗin da ya wuce ta lungu. Na sha ganin ɗalibi ya ɗora waya a kan tabarma a sahu na uku, ko ya jingina ta da lasifika, daga baya ya ɗora wa manhaja laifi. Ka nemi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya daga bakin Malam, a kashe fankar da ke saman kansa idan zai yiwu. Tsaftataccen naɗi a kilobit 16 ya fi mai hayaniya a 64 daɗin saurare. Ka kuma adana naɗin asali a wuri na dabam, duk lokacin da za ka matse ka koma gare shi, domin matse abin da aka riga aka matse ƙara lalata shi yake yi, kamar hoton takardar da aka yi ta kwafa daga kwafi.

Game da watsawa kai tsaye, ku bar bidiyo ku tsaya a murya kaɗai, a kilobit 24 zuwa 32. Sharaɗin shi ne nauyin abin da kuke turawa ya kasance ƙasa da abin da sabis yake iya ɗauka a lokacin da ya fi rauni, kuma sabis ɗin wurin tafsirin shi ne farkon abin dubawa, musamman idan jama'a sun cika wurin kowa da wayarsa. Idan manhajar tana ba da damar jinkirta sautin na 'yan daƙiƙu kafin ya isa ga mai sauraro, ku yarda da hakan, domin wannan ɗan tanadi shi ne yake hana yankewa, kuma mai sauraron tafsiri ba amsa zai mayar ba balle jinkirin ya dame shi. Duk da haka ka riƙa naɗa a wata wayar ta biyu, don wanda sabis ya yanke masa ya samu cikakke da dare.

Kafin azumi ya kama, ka ɗauki minti biyu na karatun da ke da sin da shin da yawa, ka fitar da shi a 16 da 24 da 32, ka tura wa ɗaya daga cikin 'yan'uwan na Giwa ya saurara a wayarsa ya rubuto maka kalmomin da ya ji. Mafi ƙanƙantar lambar da ya rubuta daidai a kanta, ita za ku riƙe.