Baƙar giyar da ta daɗe a ganga: ba lemo ba ce

Ƙanena, ka ce ka fara aiki a wani otel a Yamai, wani baƙo ya nemi baƙar giya mai hoton 'ya'yan itace a kwalba, kana tambaya ko kamar lemo take, kuma yaya ake zuba ta.

Giya ce, mai ƙarfi ma kuwa. Ta yau da kullum barasarta wajen kashi 5 ne cikin ɗari, wannan kan kai 10 zuwa 13, wato kwalba ɗaya ta kai biyu na giyar yau da kullum, ko ma ta fi. Watanni take yi a gangar itace da aka taɓa ajiye wuski, daga nan take ɗauko ƙamshin vanila da na itacen. Baƙin da ɗacin kofi na gasasshen sha'ir ne, 'ya'yan itacen kuma su kawo tsami da zaƙi. Zaƙin nan ne ke ruɗin mutane.

Kada ka sa ƙanƙara. Fitar da ita daga firiji sanyinta ya ɗan ragu, ka zuba kaɗan a kofin gilashi mai faɗi. Zafin Yamai na lalata ta, kar a bar ta a rana.

Wanda ba ya shan giya, faɗa masa gaskiya tun kafin a buɗe. Mai ciwon suga ko hanta, ko mai shan magani, likita zai tambaya, ba kai ba.